Rantsuwar Usta Gharib a kan Farantin Harisa

Shekara talatin da huɗu Usta Gharib ya yi yana tuƙa taram, ɗan jirgin ƙasan nan mai launin ruwan ƙwai da ke jan ƙafa a titunan Iskandariyya, kuma ba a taɓa samun fasinjan da ya kai ƙararsa kan laifin sauri ba. Da ya ajiye aiki sai ya kwashi wannan natsuwar ya koma da ita kan teburin cin abinci. Yadda yake tuƙi haka yake ci, a hankali, da tsayawa a kowace tasha, ba ya kuma tashi sai an kai ƙarshen layi. Mu mutanen unguwar Bahari mun san shi, mun san tumbinsa, mun san hular ulun da yake kifawa ko da rana tana narka kwalta.

Tun da matarsa Sitt Awatif ta rasu, shekara huɗu ke nan, satinsa ya koma kwana ɗaya tak. Sauran shidan jira ne kawai. Ranar Juma'a da an sallame salla zai bi ta gidan 'yarsa Nirmin ya ɗauki jikarsa Rudaina, su hau taram tasha uku, su sauka a shagon kifin Mu'allim Fahim. Tun tana 'yar shekara biyar, lokacin da ƙafafunta ba sa taɓa ƙasa in ta hau kujera, suke wannan tafiya. Yanzu shekararta goma sha uku, ta kusa kamo shi a tsawo, ta yi waya, ta yi ƙawaye, ta yi baki, amma ba ta taɓa cewa ta girmi fita da Giddu ba, wato kakan nata. Abin da suke ci ma bai taɓa canzawa ba: soyayyen kifi da jatan lande, tulin soyayyen dankali, shinkafar masunta, lemon kwalba, sannan a rufe da harisa, wainar zaƙin nan, mai zafi tana ninkaya a ruwan sukari da man shanu, an ɗora mata kirim a ka.

Wata ranar Alhamis da la'asar Nirmin ta hawo benensa tana haki. Malamar lissafi ce a makarantar 'yan mata, kuma ko a gidan ubanta ba ta iya sauke muryar aji.

"Baba, zauna. Magana zan yi da kai."

"A zaune nake, Malama. Ko in tashi in sake zama?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce kwanan nan Rudaina ba ta gajiya da shan ruwa, tana barci a aji, bayan wuyanta kuma ya yi baƙi. Ita ta ɗauka dauɗa ce, har ta yi ta dirje yarinya da soso. Da suka je wajen likita aka ɗibi jini, sai aka ce sukari ne yake tsaye a bakin ƙofa. Bai shigo ba tukuna. In ta gyara ci, ta riƙa taka ƙasa da ƙafarta, zai iya komawa inda ya fito.

"Sukari? A jikin 'yar shekara sha uku?" Usta Gharib ya kaɗa hannu. "Ai wannan ciwon tsofaffi ne. Ni ya kamata ya zo wa. Ga ni nan tun bara nake jiransa, ya ƙi zuwa."

"Ciwon da ya tafi da Mama ne, Baba. Ba wasa na zo yi ba."

Ya sauke hannunsa.

"A gida na san abin da zan ɗora a wuta," ta ci gaba. "Waje ne ya fi ƙarfina. Ƙawayenta da soyayyar kazarsu ta kwali da lemon kwalba, da masu tallan da ke jiran yara a ƙofar makaranta, da kai."

"Da ni? Ni kika haɗa da masu sayar da kaza a kwali?"

"Kai ne babbansu. Gobe ku je, ban hana ba. Mun zauna da ita mun tsara abin da za ta zaɓa, ta kuma yi mini alkawari. Ba zan bi ta ko'ina da cokali a hannu ba, dole ta koyi zaɓa da kanta. Kai abin da nake roƙonka guda ɗaya ne, ka ƙyale ta. In ta dawo mini da ciki kamar ganga irin na kowane sati, to fitar Juma'a ta ƙare. Ka zo gida ka gan ta, ƙofa a buɗe take. Amma fita kam, ba saura."

Bayan ta tafi ya daɗe a zaune yana huci. Abin ya yi masa ciwo, ba kaɗan ba. Mu a nan ba mu iya faɗin ƙauna da baki ba, a faranti muke zuba ta. Wanda ya ce maka ƙoshi ya isa tun ba ka sassauta maɗaurin wando ba, to ba ya sonka. Yanzu kuma 'yar cikinsa ta zo ta gaya masa wai ƙaunarsa ce cutar. Amma da fushin ya lafa, abin da ya rage a ƙasansa tsoro ne. In aka ɗauke masa Juma'a, bai san abin da zai riƙa jira ba.

Washegari suka hau taram kamar kullum. Ya zauna kusa da direba, wani saurayi mai abin jin waƙa a kunne, yana yi masa gyaran tuƙi da ido. Da suka wuce tasha ɗaya ya juyo wajen Rudaina.

"To, amarya, karanto mini dokokin gwamnati in ji."

Ta ɗaga yatsu tana lissafawa. Gasasshe maimakon soyayye. Ruwa maimakon lemo. Ta fara da salak tun yunwa ba ta rufe mata ido ba. Gurasa rabi. In zaƙi ya zo, cokali biyu.

"Cokali biyu! Wane irin cokali? Na shayi, ko ludayi?"

"Na tambaya, Giddu. Mama ta ce ba ludayi ba."

Ya tuntsire da dariya har direba ya waiwayo. Ita kuwa murmushi kaɗan ta yi, ta koma kallon taga. Can sai ta ce ranar Talata sun je cin abinci da ƙawayenta bayan makaranta. Kowa ya faɗi abin da yake so, da aka zo kanta sai ta rasa ta cewa. Duk abin da ke kan allon soyayye ne. Ta ce ruwa kawai, suka yi mata caa, wata ta tambaye ta ko aure za a yi mata take rage ƙiba. Ƙarshe ta ci abin da suka ci, ta koma gida ta yi kuka a banɗaki.

"Mama ta ce in na iya a gabanka, zan iya a gaban kowa."

Usta Gharib bai san ko yabo ne ko zagi ba. Ya gyara hularsa ya ce uwarta tun tana ƙarama bakinta ba shi da linzami.

Shagon Mu'allim Fahim yana nan yadda yake tun zamanin uban Fahim ɗin. Tebura bakwai na marmara da gefunansu suka cinye, fankar sama da take juyawa don sauke nauyi kawai, da ƙamshin gawayi da ya shige cikin bango har fenti ya haƙura. Ta ƙofa kana hango jiragen masunta shuɗaye da kore suna rausaya. A teburin kusa da taga Gharib ya fara zama da Awatif sati biyu bayan ɗaurin aurensu, tana jin kunyar cin kifi da hannu a gabansa. A nan Nirmin ta haɗiye ƙaya tana 'yar shekara shida, aka yi ta ɗura mata gurasa. Ko shagon ya cika maƙil ranar Juma'a, ba mai zama a teburin nan.

"Lale da amaryar Bahari! Lale da Usta!" Mu'allim Fahim ya taho yana goge hannu a jikin rigarsa, ya riga ya juya wuya wajen madafa. "Na kullum, mutum biyu!"

"A'a, Ammu Fahim," in ji Rudaina. Haka take kiransa, wato baffa. "Yau gasasshe nake so. Da salak babba. Ban da dankali, ban da lemo. Ruwa kawai."

Mu'allim ya dafe ƙirji.

"Usta, me na yi muku? Wani ya ce man suyata ya kwana?"

Amsar tana kan harshen Usta Gharib. Da ya ce sharrin likitoci ne, a kawo na kullum, da shi ke nan. Ya dubi jikarsa, ya ga ta ƙura wa marmarar teburin ido, kunnuwanta sun yi ja. Sai ya haɗiye.

"Man suyarka ya girmi yarinyar nan, Fahim, kowa ya sani. Kana da kifin nan buri?"

"Na safiyar yau. Idonsa yana kallonka."

"To ka birkiɗa shi a dusa ka gasa mana, yadda ubanka yake yi. Biyu. Ni ma shi zan ci."

Da kifin ya iso, baƙi ƙirin kamar an tsamo shi daga gobara, Rudaina ta yamutse fuska. Ya ce ta dakata. Ya nuna mata yadda ake kama fatar daga wuya a ja, ta taho gaba ɗaya da ƙonanniyar dusar, farin nama ya bayyana yana tururi. Ya tsoma mata yanka ɗaya a ruwan tafarnuwa da lemon tsami da barkono. Ƙamshin ne ya fara dukansa, ya mayar da shi wani wuri da ya daɗe bai je ba.

"Kin san wani abu? Wannan abincin likitan naki, shi muka tashi muna ci." Ya lashe yatsa. "Wa yake da man suya a lokacin? Suya sai da salla. Uwata takan jera buri a tire, ta yayyafa dusa, in ɗauka a ka in kai gidan gasa gurasa na bakin lungu. Kowane gida da tirensa, kowa ya san nasa. Mu zauna a ƙasa mu bakwai, ga ganye, ga albasa, ga ruwan tulu. Lemon kwalba kuwa ban ɗanɗana shi ba sai ranar da aka ɗauke ni aiki, shi ma rabi na sha na kai wa ƙanwata rabi."

"Ashe da ba ka da tumbi, Giddu?"

"Ni? Kamar sandar rake nake. Kakarki ta ce tausayi ne ya sa ta aure ni."

Ta ci. Da farko a ɗarare, daga baya da hannu biyu. Ta cinye salak, ta tsoma rabin gurasarta a markaɗaɗɗen riɗi, ta bar ɗaya rabin ba tare da ta kalle shi ba. Ta tambaye shi yadda za ta yi in ta shiga wurin da ba gasasshe. Ya yi tunani irin na tsohon direba, ya ce ba shagon da ba shi da wuta, sai dai ba a tambaya ba. Ta tambaya da ƙarfi, kamar mai kuɗin unguwa. In kuma ba yadda za a yi, ta ɗauki ƙarami, ta raba da wata. Yana faɗa yana jin daɗin kansa. A ransa har ya fara shirya yadda zai tsaya gaban Malama Nirmin yana kaɗa carbi, ya ce ga 'yarki nan, auna ta.

Sai harisa ta iso.

Ba wanda ya ce a kawo. Shekara takwas ke nan ba a taɓa cewa a kawo ba. Mu'allim Fahim da kansa yake tsallakawa shagon maƙwabcinsa ya yanko ta da zafinta, ya dire a gaban yarinyar, ya ce wannan kyautar gida ce. Yau ma ya dire, har ya fi na kullum girma, wataƙila don ya rama abin da aka yi wa man suyarsa. Ya tsaya a kansu ya harɗe hannuwa.

Rudaina ta yi godiya. Ta ɗebi cokali ɗaya, ta lumshe ido. Ta ɗebi na biyu, ta daɗe tana juya shi a baki. Sannan ta ajiye cokalin ta ɗan tura farantin gaba.

"Ta lalace ne?" in ji Mu'allim.

"Wallahi ta yi daɗi, Ammu. Na ƙoshi ne."

"Ƙoshi? Ko gefenta ba ki taɓa ba! Usta, ka ga abin da ake yi mini a shagona?"

Kifi wani abu ne, kyauta kuma wani abu ne daban. A mayar wa mutum da abin da ya tsallaka titi ya kawo da hannunsa, a gaban jama'a, wannan a Bahari ya kusa zama zagi. Usta Gharib ya ji idon teburan maƙwabta a bayan wuyansa.

"Ƙara ɗaya, amarya."

"Biyu aka ce, Giddu."

"Don darajar gemun nan nawa."

"Ai ba ka da gemu."

"To don darajar gashin baki!"

Teburin kusa suka kwashe da dariya. Wani ya ce Usta ya tsufa, jika ta fi ƙarfinsa. Dariyar ta shiga kansa. Ya ji zafin nan mai daɗi na mai gida da ake ja da shi a kan abinci, wasan da ya fi iyawa a duniya, wanda ba a taɓa cinye shi a ciki ba. Bai san lokacin da tafin hannunsa ya sauka a kan gurasa ba.

"Wallahil Azim, sau uku, ba mai tashi daga teburin nan sai kin cinye ta tas!"

"Shi ke nan!" in ji Mu'allim yana tafa hannu. "An rantse."

A wajenmu in babba ya rantse a kan abinci, magana ta ƙare. Ko cikinka zai fashe sai ka ci, don ba ɗan kirkin da zai bar rantsuwar babba ta faɗi ƙasa ya ɗora masa zunubi. Yara tun suna rarrafe suke sanin wannan. Rudaina ma ta sani. Ta dubi farantin, ta dubi kakanta. Ba ta yi gardama ba, ba ta ambaci uwarta ba. Idonta ya ciko, ta yi wani ɗan murmushi na ba komai, ta jawo farantin ta ɗauki cokali.

Murmushin ne ya kashe masa jiki. Ya san shi. Shekara ashirin ya yi yana ganinsa a wannan kujerar.

Lokacin da aka fara gaya wa Awatif tana da sukari, haka take ajiye cokali ta ce, "Gharib, likita fa ya hana." Shi kuma ya ce likita yana gidansa yana cin nasa. Ya roƙa, ta ƙi, ya rantse. Sai ta yi wannan murmushin ta jawo farantin. A nan, da gidan biki, da gidan 'yan uwa, da ranar salla. Daga baya idonta ya fara dushewa. Aka yanke yatsun ƙafarta biyu. A shekarun ƙarshe sau uku a sati yake kai ta wankin ƙoda, yana riƙe da jakarta a bakin ƙofa. Ya yi jinyarta da zuciya ɗaya, ba wanda zai ce bai yi ba. Amma duk inda aka zauna ana tuna ta, abin da yake faɗa da alfahari shi ne, Allah ya jiƙan Awatif, ba ta taɓa kayar mini da rantsuwa ba. Sai yau ya ji maganar yadda take. Kunya da baƙin ciki suka taso masa lokaci guda.

Cokalin ya kusa kaiwa bakinta ya riƙe mata wuyan hannu.

"Ajiye."

"Ka rantse, Giddu."

"Ni na rantse. Ni zan ɗauka. Ajiye."

Mu'allim Fahim ya ga fuskar abokinsa ta canza, ya sunkuyo ya rage murya.

"Haba Usta, ai rantsuwar teburi ce, ta fatar baki. Malamai ma sun ce ba komai a kanta. Ko ta ɗan ƙara cokali uku, ni in ɗauke farantin, ba wanda ya gani."

"Da zuciyata na yi ta, Fahim. Kullum da zuciyata nake yi." Ya share fuska da tafin hannu. "Mutum goma zan ciyar, kaffara ta hau kaina. Gobe ka gasa buri goma, ka san masu buƙata a bakin ruwa fiye da ni."

Sannan ya dafa marmarar da hannu biyu. Gwiwoyinsa suka yi ƙara. A gaban tebura bakwai, a gaban wanda ya ce ya tsufa, Usta Gharib ya miƙe tsaye, harisa tana nan cike da faranti. Tun da aka buɗe shagon nan ba a taɓa ganin ya tashi ya bar abinci ba, balle rantsuwa.

"Tashi, amarya."

Ta tashi tana share ido da bayan hannu. Ya juya ga Mu'allim ya ce harisarsa ba ta da laifi, hannunsa ma ba shi da laifi, Allah ya ƙara buɗi. Amma daga yau a riƙa yanko ƙarama, su raba su biyu. Mu'allim ya ɗaga hannu ya dafa kansa, alamar ya karɓa.

Ba su hau taram ba. Ya ce tunda an ce ta riƙa tafiya, su bi bakin teku. Suka wuce masu gyaran raga da masu fentin jirage, iska tana kaɗa mata gyale. Sun yi nisa kafin ta yi magana.

"Saboda ni ka yi zunubi."

"Saboda bakina. Ki saurare ni da kyau. Ko ni ne, ko ƙawayenki, ko uwar mijinki wata rana, ko wanda gemunsa ya kai cibiya. In kin ƙoshi, kin ƙoshi. Ki yi godiya, ki yabi mai girki, ki ajiye cokali. In ya rantse, shi ya jiyo. Rantsuwar wani ba a cikinki za a sauke ta ba."

"Ko da ya ji haushi?"

"Zai ji. Ni ma na ji. Ga ni nan ban mutu ba."

Ta saƙala hannunta a nasa kamar yadda take yi tana ƙarama. Tafiyar tasha uku ta cinye musu kusan awa guda, saboda shi da sauri har yanzu ba su shirya ba.

Nirmin ce ta buɗe ƙofa. Ta dubi 'yarta daga sama har ƙasa, ta ga jan ido. Rudaina ta buɗe baki, kakanta ya ce ta shiga ciki ta wanke hannu, ƙarnin kifi take yi. Ya tsaya a bakin ƙofa bai shiga ba. Da yana so, da ya ce gasasshe ta ci, ta sha ruwa, cokali biyu ta yi, kuma duk gaskiya ne.

"Ta cika alkawarinta," ya ce. "Ni ne ban cika ba. Na rantse mata a kan harisa."

Fuskar Nirmin ta ɗaure.

"Ta ci?"

"Ta ɗauki cokali. Na riƙe hannunta. Na tashi na bar farantin."

"Ka tashi?" Ta dube shi kamar ba ta gane shi ba. "Kai, Baba? Ka rantse, ka tashi?"

Ya gyaɗa kai. Ya cire hularsa yana murza ta a hannu, yana jiran hukunci kamar ɗalibin da aka kama.

Ta jingina da ƙofa. Muryar ajin nan ta tafi, wadda ta fito ƙarama ce.

"Tun ina 'yar shekara sha biyar nake zama a teburin nan ina kallon Mama tana jawo faranti. Kowace Juma'a ina jiran wani ya riƙe mata hannu."

"Na sani," ya ce. "Yau na sani."

Daga ciki ana jin ƙarar famfo, Rudaina tana wanke hannu tana 'yar waƙa. Nirmin ta goge hancinta da gefen gyale, ta miƙa hannu ta karɓi hular ta mayar masa a ka, ta daidaita ta.

"Juma'a ka zo ka ɗauke ta, Baba. Ni dai kar ka ce in biyo ku. Har yanzu ba na iya kallon teburin nan."